Silika Mai Ramuka: Ginin da Ake Ɗorawa a Kan Dangin Sabulu

Silika, wato haɗin sinadarin silikon da oksijin, tana cikin abubuwan da suka fi yawa a doron ƙasa, domin ita ce mafi yawan yashin da ke kwance a rafin Antau na Keffi a Jihar Nasarawa, ita ce farin dutsen nan mai ƙyalli da masu haƙar kuza a yankin Udege ke turewa gefe, kuma da ita ake narka gilashi. Saboda yawanta ba ta da wani farashi na a zo a gani, shi ya sa da tifa ake sayar da ita. Sai dai akwai wani nau'inta da ake haɗawa a ɗakin gwaje-gwaje, farin gari marar nauyi da ake aunawa da giram, wanda abin da ya raba shi da yashi shi ne ɗimbin ramukan da ke cikinsa, masu faɗi ɗaya, jere a tsare, waɗanda ido ba ya gani ko da an sa madubin likita. Idan aka baje bangon ramukan da ke cikin giram guda na wannan gari, faɗinsa zai kai kimanin murabba'in mita 1,000, ma'ana giram 10 kacal na ƙunshe da fili mai girman hekta ɗaya. Babu wata allura ko na'ura da ke huda waɗannan ramuka. Sinadaran dangin sabulu ne ke tsara su da kansu a cikin ruwa, sannan a ƙone su a bar gurbinsu.

Darajar rami a wajen masana sinadarai ta samo asali ne daga cewa yawancin haɗuwar sinadarai a kan fuskar abu take faruwa, can inda ruwa ko iska ke taɓa shi, saboda haka duk abin da ya fi yawan fuska ya fi iya kama datti, ko riƙe magani, ko ɗaukar sinadarin da ke hanzarta haɗi, wanda ake kira katalis. Ana auna irin waɗannan ramuka da nanomita, kuma milimita ɗaya, wato ƙaramin layin nan da ke jikin rula, tana ɗauke da nanomita miliyan ɗaya. Ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta kasa ramuka gida uku: waɗanda ba su kai nanomita 2 ba su ne ƙanana, daga 2 zuwa 50 matsakaita, abin da ya haura 50 kuma manya. Rukunin tsakiya shi ne wanda ya daɗe yana ba masana wahala. Ƙananan ƙunshin ƙwayoyin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi ko a kwalbar magani, waɗanda ke tsotse laima, su ma ramuka gare su, amma ramuka ne barkatai, wani ƙato wani tsukukku, ba a iya cewa ga abin da zai shiga ga wanda zai tsaya a waje. A ɗaya gefen akwai ziyolait, ma'adinin da Axel Cronstedt na ƙasar Suwidin ya fara bayyanawa a 1756, wanda daga baya aka koyi haɗa shi a masana'anta, kuma tun shekarun 1960 matatun mai ke amfani da shi wajen farfasa ɗanyen mai ya zama fetur. Ramukan ziyolait a tsare suke ƙwarai, amma galibinsu ba su wuce nanomita ɗaya ba, don haka manyan ƙwayoyin da ke cikin kakkauran ragowar mai ba sa iya kutsawa ciki. Neman abin da zai haɗa tsarin ziyolait da faɗin rami shi ne ya kai masu bincike na kamfanin man Mobil, a jihar New Jersey ta Amurka, ga sakamakon da Charles Kresge da Jeffrey Beck da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Nature a 1992, inda suka gabatar da silikar da aka sani da MCM-41.

Yadda dangin sabulu ke tsara kansu

Sabulu da garin wanki da sauran danginsu, waɗanda masana ke kira safaktan, suna da siffa guda da ta haɗa su: kowace ƙwayarsu tana da kai mai son ruwa da kuma doguwar jela mai gudun ruwa, mai son maiƙo. Wannan ne sirrin wanki, domin jelar tana nutsewa cikin maiƙon da ke jikin tufa, kan kuma yana riƙe da ruwa, sai ɗauraya ta tafi da su gaba ɗaya. Idan babu maiƙo a wurin, kuma yawan sinadarin a cikin ruwa ya wuce wani mizani, sai ƙwayoyin su nemi mafita da kansu, su dunƙule gomomi gomomi, jelunansu a ciki inda ruwa ba ya kaiwa, kawunansu a waje suna fuskantar ruwan. Wannan dunƙule shi ake kira misel. Da farko yana da siffar ƙwallo, amma idan aka ƙara yawan sinadarin ko aka canja gishirin da ke cikin ruwan, dunƙulen yakan miƙe ya zama dogon sanda, sandunan kuma su jeru kusa da juna ta yadda kowane ɗaya na kewaye da guda shida, domin wannan shi ne jerin da ya fi cike wuri. Ba wanda ke jera su. Ƙiyayyar jela da ruwa ce kaɗai ke tilasta musu wannan tsari.

Safaktan ɗin da aka fi amfani da shi wajen haɗa MCM-41 shi ne wanda ake taƙaita sunansa da CTAB, mai jela ta ƙwayoyin kabon 16 da kai mai ɗauke da cajin lantarki. Caji iri biyu ne, na ƙari da na ragi, kuma kishiyoyin suna jan juna yayin da masu kama ɗaya ke korar juna. Kan CTAB na ƙari ne, ita kuwa silika idan ta narke a ruwa mai kaifin soda tana ɗaukar cajin ragi, saboda haka da zarar an haɗa su sai narkakkiyar silikar ta ruga ta manne a bayan kowane sanda, ƙwayoyinta su riƙa kama hannun juna suna sakin ruwa, har su daskare su zama bango mai kaurin kimanin nanomita ɗaya a tsakanin sandunan. Abin da aka samu a wannan mataki gini ne mai kwarangwal na sabulu a ciki da silika a waje. Aikin ya yi kama da na masu zubin tagulla, waɗanda ke fara siffanta abin da suke so da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa daidai wa daida a cikin yumɓun. Bambancin kawai shi ne a nan gurbin ake nema, ba za a zuba komai a cike shi ba.

Daga wannan bayani mai karatu zai iya gano abin da ya sa binciken ya ja hankalin duniya, wato faɗin ramin yana hannun mai haɗawa. Idan ya zaɓi safaktan mai gajeriyar jela ya sami tsukakken rami, idan ya zaɓi mai doguwa ramin ya buɗe, idan kuma ya zuba wani ɗan mai da zai shige tsakiyar dunƙulen ya kumbura shi, kamar sinadarin mesitilin da masu binciken Mobil suka yi amfani da shi, faɗin na iya kaiwa nanomita 10. Haka nan canja yawan safaktan a kan yawan silika yana canja fasalin ginin baki ɗaya: MCM-41 bututu ne miƙaƙƙu da ba sa haɗuwa da juna, MCM-48 hanyoyi ne masu lanƙwasa da ke ratsa ko'ina ta kowace fuska, MCM-50 kuma faifai ne a kan faifai, wanda ke ruftawa da zarar an cire abin da ke tsakani. An ɗan yi jayayya a shekarun farko kan ko sandunan suna jeruwa ne tun kafin silika ta iso, ko kuwa isowarta ce ke sa su jeru. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa a yawancin haɗin da ake yi safaktan ɗin bai kai yawan da zai jeru shi kaɗai ba, saboda haka tare suke gina tsarin, silika na rage ƙiyayyar da ke tsakanin kawuna masu caji ɗaya, su kuma suna matsowa kusa. A 1995 ne George Attard da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa ɗaya hanyar ma tana yiwuwa, muddin an cika safaktan ɗin sosai tun daga farko.

A kan teburin gwaji

Aikin kansa ba ya buƙatar kayan da suka fi ƙarfin sashen kimiyyar sinadarai na jami'a. Ana narka garin CTAB a ruwan da aka tace mai ɗumi, domin a ruwan sanyi ba ya narkewa sosai, ana juyawa a hankali saboda kada kumfa ta cika kwalbar, har ruwan ya yi garau. Sannan a riƙa ɗiga narkakkiyar silika, wadda ko dai sodiyom siliket ce, wani ruwa mai yauƙi da masu yin sabulu da garin wanki ma ke saye, ko kuma wani tataccen ruwa mai tsada da ake kira TEOS. Ana ɗiga asid kaɗan kaɗan a sauko da kaifin haɗin zuwa wajen 10 ko 11 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifi, kuma a daidai wannan lokaci ruwan da yake garau yakan rikiɗe ya yi fari, ya yi kauri. Daga nan sai a juye shi cikin wata tukunyar ƙarfe mai murfin dunƙulewa wadda aka shimfiɗa wa roba mai jure zafi a ciki, a ajiye a tanda mai zafin digiri 100 na kwana ɗaya zuwa uku, domin bangon ya ƙara kamawa. Bayan an tace, an wanke har kumfa ta daina fita, an busar, sai mataki na ƙarshe kuma mafi haɗari ga ginin, wato ƙona kwarangwal ɗin.

Ana sa garin a tanderun lantarki a riƙa ɗaga zafinsa a hankali, digiri ɗaya ko biyu a minti, har ya kai kimanin 550, a bar shi nan na wasu sa'o'i. A kan hanya garin yakan yi ruwan ƙasa, wani lokaci har ya yi baƙi, yana fitar da wari mai ƙarni irin na kifi, alamar kan safaktan ɗin yana rabuwa da jelarsa, kafin daga bisani ya koma fari fat idan duk kabon ya ƙone. Wanda ya auna shi kafin shiga wuta da bayan fitowa zai tarar ya rasa kusan rabin nauyinsa, alhali girmansa a ido bai ragu sosai ba. Gaggawa a wannan mataki ita ke ɓata aikin mako guda, domin idan zafi ya hau da sauri, hayaƙin da ke neman hanyar fita da zafin ƙonewar kansa sukan rusa siririn bangon, a wayi gari da farin gari wanda a ido ba shi da maraba da na kirki, amma a ciki kufai ne.

Tarihin wannan fasaha yana da wani reshe da ya taɓo yankin Tafkin Chadi. A 1972 masana ma'adinai suka bayyana wani sabon ma'adini da aka samu a kwarurrukan kanwa na ƙasar Kanem, arewa maso gabashin tafkin, aka sa masa suna kanemait, wanda silika ce mai faifai-faifai da sodiyom a tsakani. A 1990, shekara biyu kafin sanarwar Mobil, Kazuyuki Kuroda da abokan aikinsa a Jami'ar Waseda ta Japan sun cusa safaktan tsakanin faifan kanemait da suka haɗa a ɗakin gwaji, suka sami silika mai matsakaitan ramuka, aikin da Shinji Inagaki na cibiyar binciken Toyota ya inganta a 1993 ya zama abin da ake kira FSM-16. Abin mamaki kuma, a 1997 wasu masu bincike a Faransa sun sake gwada wani haɗi da aka yi wa rajistar mallaka a Amurka tun 1971, wanda masu shi suka bayyana kawai a matsayin silika marar nauyi, sai suka tarar MCM-41 ce. Mutanen 1971 sun riƙe abin a hannunsu shekara 20 kafin kowa, amma da yake ba su auna cikinsa ba, sunan ganowa ya tafi ga waɗanda suka auna. Ci gaba mafi girma bayan haka ya zo a 1998 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, inda Dongyuan Zhao da Galen Stucky suka yi amfani da wani dogon safaktan marar caji mai suna Pluronic P123 a cikin ruwan asid, suka sami SBA-15, mai ramukan da ke iya kaiwa nanomita 30 da bango mai kaurin nanomita 3 zuwa 6, wanda ya fi jure zafi da tururi.

Batun jure tururi yana da muhimmanci, domin a nan ne burin farko ya ci karo da gaskiya. Ko da yake ramukan MCM-41 a tsare suke, bangonsu ba shi da tsarin lu'ulu'u irin na ziyolait, ƙwayoyinsa a hargitse suke kamar yadda suke a gilashi, saboda haka tururi mai zafin gaske da ke cikin injin farfasa mai yakan narkar da shi, kuma ƙarfinsa na katalis bai kai na ziyolait ba. Har yau ziyolait ce ke riƙe da matatun mai na duniya, shi ya sa binciken da aka daɗe ana yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kan haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina yake kan hanya mai ma'ana. Silika mai matsakaitan ramuka ta sami gurbinta ne a wasu fagage da masu ƙirƙirarta ba su nufa ba. A 1997 masu bincike a cibiyar gwamnatin Amurka ta Pacific Northwest suka shafe bangon ramukan da wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, wanda ke cafke zaiba da dalma daga gurɓataccen ruwa ya ƙyale gishirin da ba shi da illa. A 2001 kuma María Vallet-Regí ta Jami'ar Complutense da ke Madrid ta cika ramukan MCM-41 da maganin ciwon jiki na ibufurofen, ta nuna cewa yana fita a hankali cikin kwanaki maimakon ya zube lokaci guda, kuma daga wannan gwaji aka buɗe fagen bincike mai faɗi kan isar da magani inda ake so a jiki, ko da yake yawancinsa bai fita daga matakin gwaji ba tukuna. Ana kuma lulluɓe ramukan da sinadarin amin domin kama iskar kabon da ke ɗumama duniya.

Ɓuntun shinkafa da abin da ya rage

Inda wannan magana ta shafi Keffi da kewayenta kai tsaye shi ne tushen silikar. Narka yashi ya zama sodiyom siliket yana buƙatar wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000, shi kuwa TEOS daga waje ake shigo da shi. Amma shinkafa ta riga ta yi rabin aikin a gona. Tana cikin tsirran da suka fi kowane zuƙar silika daga ƙasa, ta hanyar wata ƙofa a saiwarta da Jian Feng Ma da abokan aikinsa a Japan suka gano a 2006, kuma tana jibge ta a ganye da ɓawon ƙwaya domin kariya daga ƙwari da cuta. Wannan ne dalilin da ya sa ɓuntu yake da kaushi, yake cin haƙoran injin casa, dabbobi ba sa samun wani abin kirki a cikinsa, kuma yake daɗewa a juji bai ruɓe ba. A ƙiyasin da aka saba, kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntun toka ce, tokar kuma kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari silika ce, saboda haka tan ɗaya na shanshera na iya ba da silikar da ta haura kilo 30. Jihar Nasarawa kuwa ƙasar shinkafa ce, tun daga ƙananan injinan casa na Lafiya har zuwa babbar gonar kamfanin Olam da ke Rukubi a ƙaramar hukumar Doma, wadda aka buɗe masana'antar casarta a 2014. Wani ɓangare na ɓuntun yana tafiya shimfiɗar ɗakin kaji ko murhun masu turara shinkafa, sauran kuma ana tara shi ya zama tsauni a bayan inji, a cinna masa wuta ya yi ta ci a ƙasa-ƙasa yana turnuƙe unguwa da hayaƙi.

Tokar irin wannan juji ba ta yi wa aikin da ake magana a kai, kuma dalilin yana da kyau a sani. Silikar da ke cikin ɓuntu ba ta da tsarin lu'ulu'u, shi ya sa take narkewa cikin sauƙi a ruwan soda mai zafi. Idan wuta ta wuce kimanin digiri 800, musamman da yake akwai sinadarin fotasiyom a ɓuntun wanda ke sauƙaƙa narkewa a wuta, sai ta rikiɗe ta zama kiristobalait, nau'in da ba ya narkewa da sauƙi a ruwan soda, kuma ƙurarsa na cutar da huhu kamar yadda ƙurar fasa dutse ke yi. Hanyar da ta dace ita ce a wanke ɓuntun, a tafasa shi a ruwan asid marar ƙarfi domin fitar da fotasiyom da sauran ƙarafa, a ɗauraye, a busar, sannan a ƙona a zafin digiri 600 zuwa 700 da isasshiyar iska. Tokar da ke fitowa fara ce sol, marar nauyi, kuma idan aka dafa ta da soda aka tace, an sami sodiyom siliket ɗin da za a ɗiga a ruwan CTAB. Masu bincike a ƙasashen da ke noman shinkafa, irin su Tailan da Indiya da Maleshiya da Burazil, sun sha haɗa MCM-41 da SBA-15 ta wannan hanya, sakamakon kuma bai yi nisa da na tataccen sinadari ba.

A nan ne ya kamata a yi hattara da ɗokin da ke biyo bayan jin cewa arziki na kwance a juji. Silika ita ce mafi arha a cikin kayan haɗin; kuɗin yana wajen safaktan, wanda ake sayowa daga waje da kuɗin ƙetare, a yi amfani da shi sau ɗaya, a ƙone shi ƙurmus. Duk wanda ya sami silika kyauta amma ya ci gaba da ƙona CTAB bai rage wani abin kirki a lissafinsa ba. Akwai hanyar kauce wa wannan asara, wato a dafa garin a cikin sinadarin etanol da aka sa wa ɗan asid ko gishirin amoniyom naitiret, wanda ke jawo safaktan ɗin daga ramuka ba tare da ya lalace ba, a sake amfani da shi, kuma wannan hanya tana da ƙarin fa'idar barin bangon da ya fi karɓar shafe-shafen da ake yi masa daga baya. Tana kuma hana zubar da ruwan wankin CTAB a magudana, abin da ke da muhimmanci domin guba ne ga kifi da ƙananan halittun ruwa. Mai karatu na iya tambaya ko sabulun salo, ko sabulun da ake yi da manja da man gyaɗa, ba zai maye gurbinsa ba. Amsar tana cikin cajin: kan sabulun gida na ragi ne, irin na narkakkiyar silika, don haka korar juna suke yi. An sami hanyar sasanta su a 2003, lokacin da Shunai Che da Takashi Tatsumi a Japan suka sa wani sinadari na uku mai riƙe sabulun da hannu ɗaya, silikar da ɗaya hannun, sai dai shi ma mai sulhun saye ake yi, kuma ba shi da arha. Duk da haka fagen a buɗe yake, tun da ita kanta jelar kabon 16 ta CTAB daga dangin man ja ake iya samo ta.

Matsala ta biyu ita ce awo, kuma ta fi ta farko tsanani. Farin gari ba ya shaidar kansa. Domin a tabbatar da tsarin ramuka sai an haska shi da hasken eksire a ƙaramar kusurwa, domin alamar MCM-41 tana fitowa ne a wajen digiri 2, alhali yawancin awon da ake yi wa ma'adinai daga digiri 5 ko 10 yake farawa, don haka na'urar da ba a saita ta ba za ta tsallake shaidar gaba ɗaya. Domin a san faɗin fuska da girman rami kuma sai an sanyaya garin zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri a cikin ruwan naitirojin, a auna yawan iskar da ke kwanciya a bangonsa, a ƙirga faɗin fuskar bisa lissafin da Brunauer da Emmett da Teller suka fitar a 1938, awon da kan ɗauki sa'o'i da yawa kuma ɗaukewar wuta sau ɗaya ta isa ta ɓata shi. Rahoton da ya ce an haɗa silika mai tsararrun ramuka ba tare da waɗannan awo biyu ba zato ne kawai, komai kyan hotunan da ke cikinsa.

Haka nan bai kamata a ɗora wa wannan gari nauyin da ba nasa ba. Ruwan rijiya ko na rafi da ya yi laka, alam da yashi da gawayi sun ishe shi, kuma sun fi arha nesa ba kusa ba. Masifar dalma da ta hallaka yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ta zo ne galibi ta ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, abin da babu matatar ruwan da za ta hana. Inda silika mai ramuka ta fi sauran shi ne aikin zaɓe, wato ciro ƙarfe mai guba ɗan kaɗan daga ruwa mai yawa, kamar ruwan da ke fita daga wuraren wanke ma'adinai, ko tattara shi domin a iya auna yawansa a ɗakin gwaji. Jihar Nasarawa, wadda ke kiran kanta gidan ma'adinai, mai kuza da kolumbait a Udege, da barait a Azara, da masana'antar sarrafa litiyom da aka buɗe a ƙaramar hukumar Nasarawa a 2024, tana da buƙatar irin wannan aiki fiye da yawancin jihohi.

Keffi tana da abin da ake buƙata domin farawa: Jami'ar Jihar Nasarawa da sashenta na kimiyyar sinadarai, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin Nasarawa da ke maƙwabtaka, da kuma Abuja mai nisan kilomita 50 ko ɗan fiye, inda Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda da hukumar binciken albarkatun masana'antu ta RMRDC suke. Ɓuntu ba zai yanke ba muddin ana cin tuwon shinkafa. Abin da ya rage yana wuyan masu raba kuɗin bincike, wato asusun TETFund da gwamnatin jiha da shugabannin makarantun: su fifita sayen na'urar awon ramuka guda ɗaya mai aiki, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da aka horar ya kula da ita, a buɗe ta ga duk makarantun yankin, sannan su ba da tallafi ga ɗaliban da za su yi aiki kan ƙwato safaktan da sake amfani da shi, kafin a fara maganar gina masana'anta.